Waƙoƙin samartaka na bazara da damina a yammacin Zamfara

Waƙoƙin samartaka su ne waƙoƙin baka da ake yi wa matasa, ko waɗanda matasan ke yi da bakinsu, a lokacin da suke fita daga ƙuruciya. A ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum na jihar Zamfara, kaso mai yawa na waɗannan waƙoƙi yana tafiya ne tare da kalandar noma, daga sharar gona zuwa noman farko. Manazarta adabin baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sukan rarraba su ƙarƙashin waƙoƙin noma, na gaɗa da na dandali. Abin da ya haɗa su shi ne aikin da suke yi: da su gari ke shaida cewa yaro ya kawo ƙarfi, yarinya kuma ta isa a lissafa ta cikin 'yan mata.

Me ya sa bazara?

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokaci ne na zafi da jiran ruwa. A cikinta ake sassabe, a ƙone yayi, a kai taki gona, wasu har su yi binne kafin ruwan fari ya sauka. A cikinta ne kuma 'yan ci-rani ke komowa daga birane, almajirai su dawo tare da malamansu. Garin da ya yi watanni babu samari sai ya cika, kowa ya ga wanda ya ƙara tsawo da wanda muryarsa ta buɗe.

Da zarar damina ta kankama, a Yuni, sai a shiga shuka da sungumi, daga nan a kama noman farko, sannan maimai. A nan ake auna saurayi. Wanda bara yake zuba iri a bayan masu sara, bana za a ba shi kuyyarsa a jerin manya. A tsarin gandu, maigida kan yankar wa irin wannan yaro gayauna, ƙaramar gona da amfaninta nasa ne, daga ciki zai fara tara abin neman aure.

Kiɗan noma da gayya

Gayya ita ce taron aikin gona na taimakon juna, kuma ita ce babbar mahaɗar makaɗin noma da samari. Makaɗi na bin bayan manoma da ganga, 'yan amshi na karɓa masa. Yakan kira sunan saurayi da na mahaifinsa, ya tuna masa noman kakansa, ya zuga shi ya fid da kuyya kafin sa'o'insa. Rago kuwa sai ya sha habaici da zambo. Ranar da makaɗi ya fara ambaton sunan yaro a gaban jama'a, ranar ce gari ya karɓe shi a matsayin namiji. Ƙarshen wannan tsani shi ne sarautar Sarkin Noma, wadda a al'adance ake dangantawa da wanda ya noma dami dubu.

Wannan kiɗa ya zama makaranta ga manyan makaɗan ƙasar Zamfara da Gobir. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da kiɗan noma ya fara kafin ya shahara a waƙoƙin sarauta. Haka Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi kafin ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa. An san Amali Sububu da waƙoƙin noma, shi kuwa Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya haɗa na noma da na dambe.

Gaɗa da dandali

'Yan mata na da nasu fagen. A daren farin wata sukan taru a dandali su yi da'ira, ɗaya ta bayar da waƙa, saura su amsa da tafi. Gaɗa ba ta buƙatar ganga, kuma ba a san wanda ya ƙagi yawancin waƙoƙinta ba, domin ƙanne daga yayye suke ɗauka. Jigoginta su ne zaɓen masoyi, tsoron auren dole, zaman kishi, kewar uwa da rabuwa da ƙawaye. A cikinta yarinya kan furta abin da kunya ba za ta bari ta faɗa wa iyayenta ba, manya kuma na jin saƙon daga cikin gida. Sarkin samari da shugabar 'yan mata ne ke tsara dandali, su sasanta rikici, su tara kuɗin kiran mai kalangu. Ga matasa da yawa, nan ne wurin farko da suka ga an naɗa shugaba daga cikinsu, aka kuma tuhume shi in ya karkata.

A kudu da yankin, cikin masarautar Zuru ta jihar Kebbi, Dakarkari sun mayar da wannan mataki tsari mai ƙa'ida. Saurayi kan shiga golmo, ya yi shekara bakwai yana noma wa iyayen yarinyar da zai aura tare da sa'o'insa, a kuma yi shagalin kammalawa a bikin Uhola.

Misali daga Japan

Haɗa ƙuruciya da wani yanayi na shekara ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yi ba. A Japan shekarar karatu na ƙarewa a Maris, sabuwa ta fara a Afrilu, daidai lokacin da itatuwan sakura ke fure. Kalmar da suke kiran samartaka da ita, seishun, tana ɗauke da sunan wannan yanayi. Daga nan aka samu rukunin waƙoƙin yaye ɗalibai. Akwai tsofaffi irin su "Hotaru no Hikari" ta 1881, akwai na zamani irin su "Sotsugyo" ta Yutaka Ozaki a 1985, wadda ke bayyana tawayen ɗalibi ga dokokin makaranta, da "Sakura" ta Naotaro Moriyama a 2003. Wadda ta fi yaɗuwa a makarantu, "Tabidachi no Hi ni", shugaban wata ƙaramar sakandare ne da malamar kiɗa suka tsara ta a garin Chichibu a 1991. Abin lura shi ne, waƙoƙin na rayuwa ne saboda taron da ake rera su yana nan kowace shekara. Makaranta ce dandalinsu, kuma ba ta rufe ba.

Halin da ake ciki

A yammacin Zamfara dandalin ne ke rufewa. Karatun boko da ci-rani mai tsawo sun rage samari a gona. Bayan ƙaddamar da Shari'a a Gusau a Oktoban 1999, an ƙara tsanantawa kan kiɗan da ke cakuɗa maza da mata. Haƙar zinari ta janye wasu matasa daga noma, kuma a 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Bagega da 'Yargalma. Da sun rayu, da yanzu su ne samari da 'yan matan dandali.

Ta'addancin 'yan bindiga ya fi komai illa. Gayya na buƙatar mutane da yawa a fili, ganga kuma na sanar da inda suke. A ƙauyuka da dama sai an biya haraji kafin a shiga gona. A Satumbar 2021 an rufe makarantu da kasuwannin mako a jihar, aka katse layukan waya. A Janairun 2022 hare-hare a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sun ci rayuka masu yawa, dubbai suka yi gudun hijira zuwa manyan garuruwa. Inda ake shiga ɗaki da magariba, babu mai fita gaɗa.

Abin da ke cikin haɗari

Waƙoƙin soyayya na Kannywood da ke cikin wayoyin matasa sun gaji wasu jigogin gaɗa, sai dai ba sa kiran sunan kowa a gaban garinsu. Doka ta ba ɗan shekara 18 ƙuri'a, gyaran tsarin mulki na 2018 kuma ya ba ɗan shekara 25 damar neman kujerar majalisar jiha ko ta wakilai. Amma matashin da bai taɓa jin an yaba aikinsa a bainar jama'a ba, sauƙin ja gare shi ga duk wanda ya fara yi masa kirari, ɗan siyasa ne ko ɗan bindiga. Naɗar waƙoƙin daga bakin tsofaffin makaɗa da matan da ke gudun hijira a Anka da Gummi zai adana kalmominsu. Komawar su bakin matasa kuwa ta dogara ne ga ranar da za a sake yin gayya ba tare da an sa mai gadi a bakin gona ba.