Yadda Amurka Ta Koma Neman Mai Riƙe Hannun Mai Naƙuda

A shekarar 1900, cikin kowace haihuwa 100 a Amurka, waɗanda ake yi a asibiti ba su kai 5 ba. Mace a ɗakinta take durƙusawa, uwa da maƙwabta na kewaye da ita, a jihohin kudu kuma tsofaffin ungozomomi baƙar fata ne ke karɓar haihuwar talakawa. Ya zuwa 1960 kusan kowa ya koma asibiti. An ceci rayuka, wannan ba na musu, amma fa an bar 'yan rakiya a bakin ƙofa, mace ta ci naƙudarta ita kaɗai tsakanin baƙin fuskoki.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, likitoci ne da kansu suka gano ɓarnar. Wasu likitocin yara biyu, John Kennell da Marshall Klaus, sun yi bincike a wani asibiti a ƙasar Guatemala, aka buga shi a 1980. Sun zaunar da wata mace wadda ba ta da ilimin likita kusa da masu haihuwar fari, aikinta kawai ta riƙe hannu, ta shafa baya, ta yi ta ba da baki. Waɗanda aka bari su kaɗai sun kwashe kimanin awa 19 suna naƙuda, masu 'yar rakiya kuwa kimanin awa 9. Irin wannan mace ita ake kira dula, kalmar Girkanci mai nufin baiwa. Kada mai karatu ya ɗauka ungozoma ce, domin ba ta karɓar haihuwa, ba ta yanke cibiya. Ta fi kama da gwaggon da ke tsaye a kan yarinyar da ta je goyon ciki.

To, da aka mayar da abin sana'a, har aka kafa ƙungiyar DONA a 1992, sai ya zama na masu hali. Ga shi kuwa Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati da aka kafa wa marasa ƙarfi a 1965, ita ke biyan kuɗin haihuwa kusan 4 cikin 10 a ƙasar, kuma mata baƙar fata na mutuwa wajen haihuwa kusan ninki 3 na farare.

Sai a 2014 jihohin Oregon da Minnesota suka fara biyan dula daga asusun Medicaid. Oregon ta sa dala 75 kacal a kan haihuwa guda. Jama'a, wa zai kwana tsaye a kan wannan? Mata kaɗan ne suka shiga, dole aka ɗaga kuɗin zuwa 350 a 2017, sannan 1,500 a 2022. New Jersey ta bi sahu a 2021, Kalifoniya a 2023.

Sai dai dokar tarayya ba ta tilasta wa kowace jiha ba, ganin dama ne. A watan Yulin 2025 kuma aka sa hannu a dokar da ta zaftare kuɗin Medicaid na shekaru 10 masu zuwa.