Ƙasusuwan Gadufawa: Taskar da Ta Fi Saninmu a Waje

A cikin hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas, akwai wani wuri da ake kira Gadufawa. Masu neman ma'adinin yuraniyom na Faransa ne suka ci karo da manyan ƙasusuwa a can, kwance bisa rairayi, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin miliyan 110. A shekarar 1965 masani Philippe Taquet ya gano kwarangwal ɗin wata dabba daga jinsin dinoso, ya kuma raɗa mata suna Ouranosaurus nigeriensis a 1976. An kai ƙasusuwan Paris aka yi nazarinsu, sannan aka maido su Yamai, a gidan adana kayan tarihin da aka kafa a 1959, wanda yau ke ɗauke da sunan Boubou Hama.

Daga 1993 sai Paul Sereno na Jami'ar Chicago ta Amurka ya shigo fagen. Cikin abubuwan da ayarinsa ya tono har da Nigersaurus, mai haƙora sama da 500, wanda aka bayyana a 1999. Ƙasusuwan kansa sirara ne ainun, har haske na ratsa wasunsu. Don haka aka ɗauki hotonsu da na'urar da likitoci ke duba cikin jiki da ita, aka harhaɗa ƙoƙon kan a na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka fitar da sakamakon a 2007. Wannan dabara ta kare ƙashin daga yawan taɓawa, ta kuma ba masana na nesa damar nazarinsa.

To, amma wa ya amfana? Ɗalibin da ke Icirnawa a yankin Matameye, sama da kilomita 800 daga Yamai, da wuya ya taɓa ganin ko ƙashi guda. Hoton da ke isa Turai cikin daƙiƙa zai iya isa ajinsa, da bayani cikin Hausa, in an nufa.

Sai dai hoto ba ya maye gurbin ƙashi. Ƙura da zafi na fasa shi, kuma in takardar da ke nuna inda aka tono shi ta ɓata, rabin darajarsa ya tafi. Ana bukatar ɗakunan ajiya nagari, da rajista, da ƴan ƙasa masu horo. Sai da su ne Nijar za ta iya riƙe amanar abin da ƙasarta ta ɓoye tun kafin zuwan ɗan Adam.