"Mai zaman kansa" a sana'ar man fetur: Nelson Bunker Hunt da rijiyoyin Sarir (1957-1988)

Gabatarwa

A Hausar rediyo da ta jarida, idan aka ce "kamfani mai zaman kansa" ana nufin kamfanin da ba na gwamnati ba. Da wannan lafazi ne kuma ake fassara kalmar Faransanci indépendant a sana'ar man fetur, alhali a can ma'anarta dabam ce. Esso da Shell ba na gwamnati ba ne, amma ba mai kiran su indépendants. A bakin masu sana'ar, mai zaman kansa shi ne wanda ba ya cikin manyan kamfanoni bakwai da suka riƙe kasuwar duniya har zuwa farkon shekarun 1970, watau Esso, Mobil, Socal, Texaco, Gulf, Shell da BP, waɗanda akan haɗa musu da CFP na Faransa ya zama na takwas. Su manyan suna da rijiyoyi a ƙasashe da dama, suna da jiragen dakon mai da matatu da gidajen sayarwa. Shi kuwa mai zaman kansa galibi rijiya kawai gare shi, a wuri ɗaya ko biyu.

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin mutum ɗaya, Nelson Bunker Hunt (1926-2014), domin mu nuna cewa irin wannan zaman kai yana tafe da dogaro mai tsanani a kan ƙasa guda, kuma gwamnatin Libiya ta fahimci haka sau biyu: lokacin da ta gayyato masu zaman kansu a 1955, da lokacin da ta matsa musu daga 1970.

1. Gadon Teksas

An haifi Bunker Hunt a 1926 a garin El Dorado na jihar Arkansas a Amurka. Mahaifinsa, H. L. Hunt, ya kafa arzikinsa ne a 1930, lokacin da wani tsohon mai haƙa, Columbus Joiner, ya tarar da mai a gabashin Teksas bayan manyan kamfanoni sun raina yankin. Bashi ya yi wa Joiner katutu, ga shi ya sayar da hannun jari fiye da abin da ya mallaka. H. L. Hunt ya saye filayensa da dala dubu 30 a hannu, mafi yawan sauran kuɗin kuma za a biya shi daga man da za a haƙo. Abin lura a nan shi ne tsarin cinikin: mutum ya mallaki izini tukuna, sa'an nan ya bar man da ke ƙarƙashin ƙasa ya biya bashin. Ɗan zai maimaita wannan tsari bayan shekara 30.

Bunker bai gama jami'a ba. Ya shiga aikin mahaifinsa, kuma a shekarun 1950 ya fita neman mai a wajen Amurka. A Pakistan ya haƙa rijiyoyi bai sami kome ba, ya yi asara mai yawa, daga nan ya juya zuwa Libiya.

2. Dokar 1955 da fili mai lamba 65

Libiya ta sami ƴancin kai a watan Disamba 1951 ƙarƙashin Sarki Idris, tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya. Gwamnatin firaminista Mustafa Ben Halim ta ga abin da ya faru a Iraƙi da Saudiyya da Iran, inda ƙungiyar kamfanoni guda ta riƙe kusan ƙasar duka, tana haƙo mai gwargwadon bukatarta. Don haka dokar man fetur ta 1955 ta yanka ƙasar zuwa filaye masu yawa, ta wajabta wa mai izini ya maido wani sashe na filinsa bayan ƴan shekaru, ta kuma buɗe ƙofa ga ƙananan kamfanoni. Hikimar ita ce, wanda ba shi da mai a wani wuri ba zai kwanta a kan izini ba, zai yi sauri ya haƙa ya sayar. Haka kuwa aka yi. Esso ya tarar da mai a Zelten a 1959, aka fara fitarwa a 1961, kuma ƙananan kamfanoni irin su Continental da Marathon da Amerada, sa'an nan Occidental daga 1966, suka riƙe babban kaso na abin da ake haƙowa.

A watan Disamba 1957 Hunt ya sami fili mai lamba 65, can cikin hamadar kudancin Barƙa, kimanin kilomita 500 daga teku. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ba shi da kuɗin binciken irin wannan wuri, balle na shimfiɗa bututu. A 1960 ya sayar wa BP rabin filin. Bisa yarjejeniyar, BP ne zai yi bincike da haƙa da gini da kuɗinsa, sa'an nan idan mai ya fara fita ya riƙa ɗibar kashi 3 cikin 8 na rabon Hunt har ya mayar da kashi 125 cikin 100 na abin da ya kashe a madadinsa. In ba a sami mai ba, BP ba ya bin Hunt kome. A watan Nuwamba 1961 aka tarar da Sarir, ɗaya daga cikin mafi girman rumbunan mai na Afirka. Aka ja bututu zuwa Marsa el-Hariga kusa da Tobruk, kuma a 1967 mai ya fara fita.

A shekarar ne yaƙin Larabawa da Isra'ila ya rufe mashigin Suwez, wanda bai sake buɗewa ba sai 1975. Man yankin Gulf ya koma zagaya Afirka ta kudu, shi kuwa na Libiya ga shi dab da Turai, ga sauƙin tacewa saboda ƙarancin farar wuta. A 1970 Libiya tana haƙo fiye da ganga miliyan 3 a rana, jaridu kuma suna lissafa Hunt cikin mafiya arziki a duniya.

3. Daga 1970 zuwa 1973

Sojojin da suka kifar da Sarki Idris ran 1 ga Satumba 1969, ƙarƙashin Mu'ammar Gaddafi, sun nemi ƙarin farashin da ake lissafa haraji a kansa. Manyan kamfanoni suka ƙi, domin idan an rage musu haƙa a Libiya suna iya cike giɓin daga Saudiyya ko Kuwait. Sai Abdussalam Jallud, mai jagorancin tattaunawar, ya fara da wanda ba shi da mafita. A 1970 aka rage wa Occidental haƙa daga ganga dubu 800 a rana zuwa ƙasa da dubu 500. Shugabansa Armand Hammer ya roƙi Esso ya sayar masa da mai a kan kuɗin haƙa domin ya iya jurewa, bai samu ba. A watan Satumba ya yarda da ƙarin santi 30 a kan ganga da haraji sama da kashi 50, sauran kamfanoni suka bi sahu. Ƙa'idar raba riba biyu daidai, wadda ta ɗore kusan shekara 20 a Gabas ta Tsakiya, ta karye ke nan, kuma yarjejeniyoyin Tehran da Tarabulus na 1971 suka biyo baya.

Bayan wannan, kamfanonin da ke Libiya, har da Hunt, suka ƙulla yarjejeniya a watan Janairu 1971 cewa duk wanda aka rage wa haƙa saboda ya ƙi miƙa wuya, sauran za su ba shi mai. Ran 7 ga Disamba 1971 Libiya ta mayar da rabon BP na Sarir mallakar ƙasa, tana zargin Ingila da barin Iran ta mamaye wasu tsibirai uku na tekun Gulf. Aka bukaci Hunt ya sayar wa gwamnati da man da aka ƙwace, ya ƙi, tun da BP yana barazanar kai duk mai sayen sa kotu. Aka nemi ya ba ƙasa rabo a nasa kason, ya sake ƙi. Ran 11 ga Yuni 1973, a bikin cika shekara 3 da ficewar sojojin Amurka daga sansanin Wheelus, Gaddafi ya sanar da ƙwace dukiyar Hunt, yana cewa mari ne ga Amurka saboda goyon bayanta ga Isra'ila. A watan Agusta Occidental ya miƙa kashi 51, ya ci gaba da aiki. BP ya rasa Sarir amma yana da man Iran da Kuwait, ga Alaska da Tekun Arewa suna tafe. Hunt dai ya rasa babbar hanyar arzikinsa a rana ɗaya.

4. Kotuna da azurfa

Shari'u biyu sun nuna matsayin mai zaman kansa tsakanin ƙasa da manyan kamfanoni. A Amurka, Hunt ya kai ƙarar Mobil da sauran manyan, yana cewa sun zuga shi ya tsaya ƙyam domin su kare ribarsu ta Gulf, har aka kore shi. A 1977 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙi sauraron wannan zargi, bisa ƙa'idar cewa kotun Amurka ba ta binciken dalilin da ya sa wata gwamnati ta ɗauki mataki a cikin ƙasarta. A Ingila kuma BP ne ya kai shi ƙara, yana neman sauran abin da ya kashe a Sarir, a ƙarƙashin dokar 1943 game da yarjejeniyar da wani abu daga waje ya rusa. Alƙali Robert Goff ya ba BP gaskiya, majalisar dattawan Ingila, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta tabbatar da hukuncin a 1982. Ɗaliban shari'ar kasuwanci suna karanta wannan hukunci har yau.

Tun 1973 Bunker da ƙanensa Herbert suka fara sayen azurfa. Darajar dala tana faɗuwa, doka kuma ta hana Ba'amurke ajiye zinariya har ƙarshen 1974. Suka kwashe wani sashe na azurfar zuwa Suwis. A ganinmu, mutumin da aka ƙwace wa rijiya yana neman dukiyar da za a iya ɗauka a kai wani wuri. A 1979 suka haɗa kai da wasu attajiran Saudiyya, suka riƙa saye da bashi, farashin oza ɗaya ya tashi daga kimanin dala 6 zuwa kusan dala 50 a Janairu 1980. Hukumomin kasuwar Niyok suka sake ƙa'ida, suka taƙaita saye, farashi ya fara gangarowa. Ran Alhamis 27 ga Maris 1980 ya faɗo ƙasa da dala 11, bayan ƴan'uwan sun kasa biyan kuɗin jingina da dillalansu suka nema. Bankuna suka ba da rancen dala miliyar 1,1 a kan jinginar kamfanin man iyalin, Placid. Faɗuwar farashin mai ta 1986 ta durƙusar da Placid. A 1988 kotu ta same su da laifin haɗa baki don juya farashin azurfa, a ƙarar da kamfanin Minpeco na gwamnatin Peru ya shigar, kuma a shekarar Bunker ya bayyana karayar arzikinsa. Ya rasu a Dalas a watan Oktoba 2014.

Kammalawa

Kamar yadda muka gani, abin da ya sa Libiya ta so masu zaman kansu a 1955, watau rashin wani mai a wani wuri, shi ne abin da ya ba ta damar lanƙwasa su a 1970, kuma ta wannan kafa ce ikon sa farashi ya fara komawa hannun ƙasashen OPEC. Tarihin Sarir yana nuna cewa ƙarfin ƙasa a gaban kamfani yana rataye da tambaya guda: wa ya fi bukatar wani? Libiya ta 1970 tana da kamfanoni masu yawa, tashoshin ruwa a gaɓar tekunta, da kuɗin ajiya da za ta jure tsayawar aiki.

Tambayar ta shafe mu a Nijar. Kamfanin Hunt Oil, ƙarƙashin Ray Hunt, ɗan'uban Bunker, ya riƙe izinin bincike a Jado, kan iyakar Libiya, a shekarun 1990, ya tafi bai sami man kasuwanci ba. Wanda ya fitar da man Agadem shi ne CNPC na gwamnatin Sin, bisa yarjejeniyar 2008, da matatar Damagaram mai tace ganga dubu 20 a rana daga 2011, da bututun kusan kilomita 2000 da ya fara kai mai Seme ta ƙasar Benin a 2024. A nan babban mai haƙa guda ne, hanyar fita guda ce, kuma ta ratsa ƙasar maƙwabta, watau akasin yanayin Libiya na 1970.

Game da fassara, muna ba da shawarar a bar "mai zaman kansa" ga ma'anar privé, a riƙa cewa "ƙaramin mai haƙa" ko "mai haƙa wanda ba ya cikin manya" idan ana nufin indépendant, domin kada mai karatu ya ɗauka Esso da Hunt jinsi ɗaya ne.