Furen Audugar Jazira da Hannuwan da Hoto Bai Ɗauka Ba

Duk wanda ya kusantar da kyamara ga furen auduga a gonakin Jazira ta ƙasar Sudan zai samu hoto mai ɗaukar ido: ganyayyaki rawaya, da ɗigon ja mai duhu a gindin kowanne. Da safe yake buɗewa, kashegari launinsa ya juya, ba da jimawa ba ya faɗi ya bar ƙwallon da zai fashe da farin kaɗa. Sai dai hoto na kusa yana da wata ɗabi'a, yakan fito da furen tangaran, ya mayar da duk abin da ke bayansa hazo. A Jazira kuwa, abin da ke cikin hazon nan shi ne ƙauyukan Hausawa, kuma a ganina wannan fure ne ya zaunar da yawancinsu inda suke a yau.

Za a ce hijira ce ta kawo su, kuma gaskiya ne. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, a garin da har yanzu ake kira Mai Wurno. Kafin su ma, maniyyata sun daɗe suna ratsa Sudan a ƙafa zuwa Makka. Amma niyyar hajji tana bayyana tasowar mutum daga gida ne kawai. Abin da ya tsayar da shi shekara ashirin a hanya, har ya aurar da 'ya'ya, wani abu ne daban. An gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925, kamfanin Sudan Plantations Syndicate ya shimfiɗa gonakin auduga mai dogon zare domin masaƙun Ingila. Akan shuka ta a wajen Agusta, ta yi fure bayan damina, a shiga tsinka daga Janairu har Afrilu. Ƙwallayen ba sa fashewa lokaci guda, dole a koma gona ɗaya sau da dama, kuma da hannu ake yi. Mai hawasha, wato manomin da aka yanka wa fili, ba ya iya wannan aiki da iyalinsa kaɗai. Maniyyacin da guzurinsa ya ƙare ya samu ƙwadago, kakar bana ta haɗe da ta baɗi, bukka ta zama ƙauye.

Wani kuma zai ce Hausawan ba su ɗauki kansu 'yan auduga ba. Littafin manazarci Bawa Yamba na 1995 ya nuna cewa har jikokin da aka haifa a can suna kiran kansu matafiya da ke kan hanyar Makka. Ban raina wannan ba, domin niyya ce ta ibada kuma ita ta riƙe musu harshe da addini. Amma a dubi inda ƙauyukan suke: a gefen magudanan ruwa, a bakin gonaki, a matsugunan 'yan ƙwadago da ake kira kambo. Da hanyar Makka ce kaɗai ta tsara zamansu, da a tashoshin jiragen ruwa na Sawakin da Port Sudan za a fi samun su.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda hukuma ta san shukar fiye da mai tsinkarta. A gonar bincike ta Wad Madani masana sun duƙufa kan ganyen auduga, har aka gano cewa farin ƙuda ne ke yaɗa cutar nannaɗewar ganye. Ɗan ƙwadago kuwa ana yi masa kuɗin goro da sunan Fallata ko Takari, ko Bahaushe ne ko Bafulatani ko Babarbare. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1948 ta nemi zuriyar mutum ta kasance a Sudan tun kafin 1898, sharaɗin da ya bar mabiya Mai Wurno a waje da 'yan shekaru kaɗan. Da gonakin suka koma hannun hukumar Jazira ta gwamnati a 1950, yawancin mazauna kambo sun ci gaba da noma dawa da gyaɗa a filin wani, a raba amfani idan an girbe.