Daga layin Shika zuwa wayar hannu: tarihin gashin rage raɗaɗin ciwon daji

Duk ranar 4 ga Fabrairu, ranar ciwon daji ta duniya, gidajen rediyon Kano kan cika da maganar na'urorin gashi: nawa aka sayo, nawa ke aiki. Ba a cika tambayar abin da ke faruwa da majinyacin da aka yi wa gashi ya koma gida Rijiyar Lemo ba.

Shi gashin tsohon abu ne. An gano hasken hoton ƙashi a Jamus a 1895, ba da jimawa ba likitoci suka fara haska shi a kan ƙari. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas ya samu na'urar kobal a 1973, Ibadan ta biyo baya, daga nan Shika ta Zariya da Sakkwato. Shekara da shekaru mutumin Fagge ko Sabon Gari sai ya bi hanyar Zariya, ya kama ɗaki, ya jira layi. Sai a Janairun 2023 Shugaba Buhari ya buɗe cibiyar ciwon daji ta Giginyu a Kano.

Yawancin masu zuwa asibiti a nan ciwon ya riga ya yi nisa, wani lokaci har ya shiga ƙashi. Gashin da ake musu na rage raɗaɗi ne. A 1999 wani babban bincike a Holan ya nuna gashi sau ɗaya mai ƙarfi yana kwantar da ciwon ƙashi kamar yadda sau shida ke yi, duk da cewa wasu kan buƙaci a maimaita musu. Ga talaka wannan rahama ce: yau a gasa, gobe yana gida. Amma daga ranar likita ya daina ganinsa, alhali a kwanakin farko ciwon kan ƙara tashi kafin ya lafa.

A ganina daga wannan giɓi ne bibiyar majinyaci ta waya ta samo tushe a wurinmu. Wasu na cewa korona ce ta kawo ta a 2020. Wasu na jingina ta ga binciken Ethan Basch na Amurka, wanda a 2017 ya nuna marasa lafiya da ke aika bayanin jikinsu ta intanet sun fi sauran daɗewa a raye da kusan wata 5, cikin mutum 766. Bincike ne mai nauyi, sai dai masu karɓar maganin kemo aka yi wa shi, a birnin da kusan kowa ke karatu. Mu kuwa tun zuwan wayar salula a 2001 ɗan majinyaci ke karɓar lambar likita yana kira da dare: "Likita, Baba bai runtsa ba." Korona ta tarar da al'adar ne.

Inda nake ganin masu tsara manhajar bibiyar majinyata za su yi tuntuɓe shi ne tambayar kanta. Dattijuwar da ta haifi goma ba ta yi kuka ba, in aka ce yaya jiki, da sauƙi za ta ce ko tana murƙususu. Sai an tambaye ta ko ta iya tsayuwa a sallah, ko ta ci tuwon dare, ko ta isa banɗaki da ƙafarta. Sau da yawa ma wayar tana hannun ɗa ko miji, kuma saƙon murya a WhatsApp ya fi musu sauƙi a kan cike fom da Turanci.