Bisharar Markus: 'Yar Rakiyar Da Ta Zama Jagora

Duk wanda ya shiga majami'a a Lafiya lokacin sujadar Hausa zai tarar da Eggon da Alago da Mada da Migili da Gwandara a kan benci ɗaya. Kowa ya baro harshensa a gida, karatun da ake yi daga mumbari kuwa da Hausa ne. Littattafai huɗu ne ke ba su labarin Yesu Almasihu: Matiyu, Markus, Luka da Yohanna. Ga mai karatu Musulmi, wanda ya san Linjila a matsayin littafin da aka saukar wa Annabi Isa, yana da kyau a fayyace cewa waɗannan huɗun, a wurin Kirista, labarin rayuwarsa ne da koyarwarsa kamar yadda mabiyansa na farko suka ruwaito, shi ya sa ake ce musu bishara. Ta Markus ce mafi gajarta, sura 16 kacal. Ba labarin haihuwa a cikinta, ba jerin kakanni, ba doguwar koyarwar kan dutse, ba ma addu'ar Ubangiji da kowane yaro ke haddacewa a makarantar Lahadi. Idan Kirsimeti ta zo, ba a jin ɗuriyarta. Amma a yau yawancin masana sun tafi a kan cewa ita aka fara rubutawa, kuma daga gare ta Matiyu da Luka suka ɗebo. Kafin a kai nan an yi doguwar tafiya.

Magana mafi tsufa da ta iso gare mu game da littafin ta Papiyas ce, bishop na Hirafolis a ƙasar Turkiyya ta yau, a farkon ƙarni na 2. Littafinsa ya ɓace, sai guntayen da aka adana, irin wanda Yusibiyus na Kaisariya ya kawo a ƙarni na 4. Papiyas ya ce Markus tafintan Bitrus almajirin Yesu ne, ya rubuta abin da ya tuna daidai, sai dai bai jera shi bi da bi ba. Yabo ne, amma mai kama da kare mutum a gaban masu ƙorafi, alamar tun a lokacin akwai masu ganin littafin bai tsaru ba.

Wanda ya yanke hukuncin da ya daɗe yana aiki ɗan Afirka ne, Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu. Wajen shekara ta 400 ya ce Markus mai bin sawun Matiyu ne, mai taƙaita shi. Tun da Agustin ya faɗa, wa zai ja? Idan kusan duk abin da ke cikin ƙaramin yana cikin babban, me zai sa malami ya ɓata tawada a kansa? Manyan malamai irin su Orijin da Kirisostom sun yi dogayen sharhi a kan Matiyu da Yohanna, suka tsallake Markus, har Biktor na Antakiya da ya zo bayansu ya koka cewa ya nemi sharhinta ya rasa, dole ya tsinto daga abin da aka faɗa a kan sauran. Kibɗawan Masar sun riƙe Markus a matsayin wanda ya kafa ikkilisiyar Iskandariyya, suna girmama sunansa har gobe, amma littafin nasa ya shafe fiye da shekara dubu a ƙarshen sahu.

Abin da ya juya lamarin aiki ne mai sauƙin faɗa. A 1776 wani Bajamushe, Johann Griesbach, ya buga Matiyu da Markus da Luka gefe da gefe a shafi guda, yadda ido zai ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Shi kansa bai bar tsohon ra'ayi ba, ya ce Markus ya tsakuro ne daga sauran biyun. Amma ya riga ya miƙa wa na bayansa kayan aiki. A 1835 Karl Lachmann ya lura cewa Matiyu da Luka suna tafiya a jeri ɗaya ne muddin suna kan jerin Markus, da zarar sun sauka daga kansa sai kowa ya kama gabansa. Christian Weisse a 1838 da Heinrich Holtzmann a 1863 suka gina a kan wannan, sannan B. H. Streeter na Oxford ya ƙarasa aikin a 1924. A lissafinsa, cikin ayoyi 661 na Markus, abin da ke cikin kimanin 600 ya bayyana a Matiyu, fiye da rabi kuma a Luka.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ba ta bukatar Girkanci, kowa na iya gwada ta da Littafi Mai Tsarki na Hausa a hannunsa. Mai taƙaitawa ba ya tsawaita labari. Labarin mai aljanun nan da ke kwana a makabarta ya ci aya 20 a Markus, a Matiyu aya 7. Labarin 'yar Yayirus da matar da ta shekara goma sha biyu tana zubar jini ya ci aya 23 a Markus, a Matiyu 9. Markus ne ya ce Yesu na barci a kan matashi a bayan jirgi lokacin hadari. Shi ya ce ciyawar da taron ya zauna a kai ɗanya ce. Shi kaɗai ya ambaci saurayin da ya tsere tsirara daren da aka kama Yesu, ya kuma faɗi sunayen 'ya'yan Siman Bakurane, mutumin Libiya da aka tilasta wa ɗaukar gicciye, kamar masu sauraro sun san su. Wane mai taƙaitawa ne zai zubar da koyarwar kan dutse don ya samu wurin matashi da ciyawa? Sannan inda Markus ya yi magana mai kaushi, Matiyu kan tausasa ta. Markus ya ce a Nazarat Yesu bai iya yin manyan al'ajibai ba, Matiyu ya ce bai yi da yawa ba. Mutum yakan goge abin da ya tarar da kaushi, da wuya ya ɗauki mai santsi ya kausasa shi. Har yanzu akwai masu ja, William Farmer ya farfaɗo da ra'ayin Griesbach a 1964, amma su ne 'yan tsiraru.

Ɗan hakin da aka raina ya tsone ido, sai murna ta yi wa masanan ƙarni na 19 yawa. Suka ɗauka tunda Markus ce ta farko, to ita ce tarihi tsantsa, ba tauhidi, ba manufa. William Wrede ya rushe wannan a 1901. Ya nuna wani zare da ya ratsa littafin daga farko zuwa ƙarshe: Yesu yana tsawata wa aljanu kada su faɗi ko shi wane ne, yana ce wa kuturun da ya warkar ya yi shiru, yana hana almajiransa yin magana. Wrede ya kira wannan asirin Almasihu, ya ce ba tarihi ba ne, bayani ne da ikkilisiyar farko ta ƙaga. A nan ya wuce gona da iri, kuma masana da yawa ba su bi shi har can ba. Amma ya buɗe ido: marubucin nan ya san abin da yake yi. Bayansa Karl Ludwig Schmidt da Martin Dibelius a 1919, da Rudolf Bultmann a 1921, suka bi diddigin yadda gajerun labaran suka yi yawo a baka kafin a rubuta su, aikin da wanda ya san ilimin riwaya ba zai ji shi baƙo ba. Willi Marxsen a 1956 ya mayar da hankali ga shi mai jerawar, da dalilin da ya sa ya ajiye wannan kusa da wancan.

Da aka duba ta wannan fuska, littafin da aka ce bai tsaru ba sai ya zama gini mai tsari. A surori na 8 da 9 da 10, sau uku Yesu yana faɗa wa almajiransa cewa za a kashe shi, sau uku kuma suna kasa ganewa: Bitrus ya tsawata masa, sannan suka shiga gardamar wane ne babba, sannan Yakubu da Yohanna suka nemi kujerun girma. An buɗe wannan sashe da warkar da makaho a Betsaida, wanda bai gani sarai ba sai a taɓawa ta biyu, aka rufe shi da warkar da makaho Bartimawus. Ba sai an faɗa maka su wane ne makafin gaske ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na littafin ya tafi ne a kan makon ƙarshe a Urushalima, kuma ɗan Adam na farko da ya kira shi Ɗan Allah a cikin labarin sojan Roma ne, a gindin gicciye, bayan ya mutu. Yawancin masana sun ajiye rubutun tsakanin shekara ta 65 da ta 75, wato tsakanin azabar da sarki Nero ya gana wa Kirista a Roma daga 64 da zamanin rushe Haikalin Urushalima a 70. Littafi ne da aka rubuta wa mutanen da ke cikin tsoro. Hatta ƙarshensa haka yake: a tsoffin kwafe biyu na ƙarni na 4, na Fadar Fafaroma da wanda Constantin von Tischendorf ya samo a gidan sufaye na Dutsen Sina'i a 1859, labarin ya tsaya a aya ta 8 ta sura ta 16, mata sun gudu daga kabarin da ba kowa, tsoro ya kama su. Ayoyi 12 da ke biye, yawancin masana na ganin wani hannu ne ya ƙara su tun a ƙarni na 2.

Yayin da ake wannan muhawara a Jamus, bishara tana shigowa Hausa ta tsohuwar ƙofa. James Schön, wanda ya shigo kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fara ne da Matiyu a 1857, da taimakon Dorugu, yaron da Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila. Sabon Alkawari ya cika a 1880. Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya ya fito a 1932, bayan shekarun aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokansa, aka sake sabuwar fassara wajen 1980. A wannan yanki namu, reshen Afirka ta Kudu na mishan SUM ne ya fara aiki a 1916, aikin da ya haifi ikkilisiyar ERCC mai hedikwata a Alushi kusa da Akwanga. An fara buga bishara da harshen Eggon a shekarun 1930, Sabon Alkawari kuma a tsakiyar shekarun 1970, amma Hausa ce ta ci gaba da riƙe mumbari, don ita ce ta haɗa kowa. Masu bishara na ƙauye sun so Markus saboda dalilin da ya sa malamai suka raina ta: gajeriya ce, tana sauri, aiki ya fi magana yawa a cikinta.

Cocin Katolika ma ta gyara tsohon rashin adalcin. Tsarin karatun Lahadi na 1969 ya raba shekaru uku-uku, ya ba Markus shekara guda sukutum, bayan ƙarnonin da ba a karanta ta sai jefi-jefi. Dayosis ɗin Katolika na Lafiya, wanda aka kafa a 2000 da Matthew Ishaya Audu a matsayin bishop na farko, ya taso ne a cikin wannan tsari.

Juyi na baya-bayan nan shi ya fi kusa da mu. David Rhoads da Donald Michie a 1982 sun ce a karanta Markus a matsayin labari guda, ba guntaye ba. Werner Kelber a 1983 ya jaddada cewa ta fito ne daga duniyar da kunne ya fi ido aiki. Sai abubuwan da ake kira aibi suka zama alamun gwanintar mai ba da labari: kalmar "nan da nan" da ya maimaita fiye da sau 40, yadda yake faɗar abin da ya wuce kamar yanzu yake faruwa, yadda yake tsayar da labari a tsakiya ya saka wani a ciki sannan ya dawo, kamar yadda ya yi da 'yar Yayirus. Wanda ya tashi yana jin tatsuniya da dare, ko yana jin maroƙi na jero tarihin sarauta, ba ya bukatar a koya masa wannan. Abin da ya ɗauki jami'o'in Turai shekara ɗari biyu, kunnen mutumin Doma ko Nasarawa Eggon yana iya kama shi a zama ɗaya, in an ba shi littafin gaba ɗaya.

Nan ne damuwata take. Ba a rasa masana ba. Kwalejin tauhidi ta TCNN a Bukuru tana horar da fastoci tun 1959, ga makarantun ECWA a Jos da Kagoro, ga na Katolika a Jos da Makurɗi. Sharhin Littafi Mai Tsarki da masanan Afirka 70 suka rubuta a ƙarƙashin Tokunboh Adeyemo ya fito a 2006, ɗan Najeriya Victor Babajide Cole ne ya rubuta sashen Markus, daga baya kuma an fassara sharhin zuwa Hausa. Amma tsakanin aji da benci akwai rata. Bultmann ya sha wahala da labaran aljanu, yana ganin mutumin zamani ba zai iya gaskata su ba. Mu namu ciwon akasin haka ne. Mai wa'azi yakan ɗauko korar aljanu da warkarwa daga Markus, ya daka su da ƙarfi a lasifika, ya bar umarnin yin shiru da ke biye da su, ya bar surori uku na tsakiya inda aka ce babba shi ne mai yi wa sauran hidima. Wannan rabin littafin ne, kuma rabin da marubucin ya yi ta ƙoƙarin hana a ɗauka shi kaɗai. Mutanen da rikici ya raba da gonakinsu a Keana da Awe da Obi a shekarun baya sun fi kama da waɗanda aka fara rubuta wa littafin, kuma sun cancanci su ji shi cikakke, da almajiran da suka gudu, da matan da suka tsorata, da alkawarin haɗuwa a Galili da aka yi wa waɗannan masu gudun duk da haka.

Karanta Markus da murya daga farko zuwa ƙarshe ba ya wuce awa biyu. A tsarin karatun Lahadi, 2024 shekarar Markus ce, haka ma 2027. Fastoci da limaman coci da shugabannin zumuntar mata da na matasa a Lafiya, ku ware yamma ɗaya, ku samo masu murya uku ko huɗu, ku karanta wa jama'a surori 16 ɗin nan a zama guda, da Hausa ko da Eggon, ba tare da wa'azi a tsakani ba, sannan ku bar su su yi tambaya.