Tarihin Tsaron Suna da Riƙon Zaure a Kafofin Hira na Intanet, da Yadda Ya Shafi Ƙasar Musawa

Duk inda mutane suke aika wa juna magana ba ido da ido ba, tambayoyi biyu sukan taso. Ta farko ita ce yadda za a tabbata wanda aka ce shi ya aiko saƙo lalle shi ɗin ne. Ta biyu kuwa, wane ne ke riƙe da ƙofar wurin da ake taruwa, ya shigar da wanda ya ga dama, ya fitar da wanda ya saɓa. Manufar wannan lacca ita ce bin sawun waɗannan tambayoyi a tarihin kafofin hira na intanet, har zuwa lokacin da suka iso hannun manoma da 'yan kasuwar Musawa da sauran garuruwan noma na kudancin Katsina.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da nata maganin wannan matsala. Bayan da Katsina ta shiga ƙarƙashin Daular Sakkwato a zamanin Ummarun Dallaje, wajen shekarar 1807, sha'anin mulki tsakanin sarakuna da Sarkin Musulmi ya dogara ƙwarai ga wasiƙu na Larabci. Wasiƙar babban sarki takan zo da hatiminsa, kuma ba kowane matafiyi ake danƙa wa ita ba, sai manzo wanda aka san fuskarsa a fadar da za shi. Daɗin daɗawa, kowace masarauta tana da ƙofarta a Sakkwato, watau wani babba wanda ta hannunsa al'amuranta suke isa gaban Sarkin Musulmi. Da sojojin Ingila suka shiga Sakkwato a 1903 sun tarar da tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari, waɗanda H. F. Backwell ya fassara wasunsu ya buga a 1927. Abin lura shi ne shaida biyu ake haɗawa. Wanda ya sace hatimi ba shi da manzo, manzo kuwa in ba hatimi maganarsa ba ta wuce labari ba. Talaka ma yana da nasa tsari: baƙo ya yi sallama a zaure, maigida ya gane murya kafin ya yi masa iso, a kasuwar hatsi ko ta auduga kuma dillali ne ke tsaya wa wanda ba a sani ba.

Zamanin Turawa ya kawo tangarahu da gidan waya, amma waɗannan ba su taɓa zama kayan talakan ƙauye ba. Har zuwa 2001, shekarar da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, layukan tarho a Nijeriya baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Saboda haka babin farko na tarihin hira ta na'ura an yi shi ne nesa da nan, ba da sanin mutanen nan ba, ko da yake su ma sun gaji abin da ya haifar.

A watan Agusta na 1988 wani ɗalibi mai suna Jarkko Oikarinen, a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finlan, ya ƙirƙiro tsarin da aka sani da IRC. Manyan na'urori na jami'o'i daban-daban sukan sadu da juna su zama tsani guda, mutum ya shiga ta wadda ta fi kusa da shi, ya zaɓi laƙabi, ya faɗa zauren da yake so. Tsarin an gina shi bisa yarda, irin ta mutanen da suka san juna. Ba wanda ya mallaki laƙabi. Da zarar mai shi ya fita, wani na iya ɗauka. Zaure kuma wanda ya fara shiga shi ne shugaba, a sa masa alamar @ a gaban suna, yana da ikon korar mutum, da hana shi dawowa, da sa wa zaure mabuɗi, da naɗa mataimaka. Idan kowa ya watse zauren ya mutu, gobe wanda ya riga zuwa shi ne sabon mai gari.

Ba a daɗe ba aka ga illar wannan. A 1990 wata na'ura a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, mai suna eris, ta bar ƙofarta a buɗe ga duk mai son haɗa tasa na'urar, ba tare da kalmar sirri ba. Masu ɓarna suka samu hanya, suka riƙa tunkuɗe mutane suna karɓe zauruka. Sauran masu na'urori suka yanke hulɗa da eris, suka kafa abin da aka kira EFnet. Amma ɓarnar da ta fi wahalar magani ita ce ta lokacin tsinkewa. Wani lokaci igiyar da ta haɗa na'urori biyu takan yanke na 'yan mintoci, tsanin ya rabu gida biyu. Mai wayo sai ya yi maza ya shiga ɓangaren da zauren ya zama kango, ya buɗe shi a matsayin wanda ya fara zuwa, ya samu shugabanci. Da igiya ta koma, sai ga shi da rawani a tsakiyar mutane, ya tuɓe masu wurin ɗaya bayan ɗaya. Haka kuma in ya ɗauki laƙabin wani a ɓangarensa, da an haɗu na'ura ta rasa na gaskiya, ta fitar da su duka biyu. Wannan kamar a ce an yi ruwa rafi ya raba gari, kafin ruwa ya janye wani ya naɗa kansa mai unguwa a tsallake. Gardama kan maganin wannan cuta tana cikin abin da ya raba EFnet a 1996: na'urorin Amurka suka ce a riƙa duba lokaci, wanda ya riga shi ke da gaskiya; na Turai suka ce a kulle suna da zaure na ɗan lokaci bayan tsinkewa, suka ware suka kafa IRCnet.

Wata hanya dabam ita ce wadda DALnet ta bi, bayan kafa ta a 1994. Ta samar da magatakarda biyu na na'ura. NickServ yana rubuta laƙabi da kalmar sirrinsa, duk wanda ya ɗauki sunan bai kawo kalmar ba a ƙwace. ChanServ kuma yana rubuta sunan wanda ya kafa zaure da jerin mataimakansa da matsayin kowanne, ko zaure ya kwana ba kowa yana nan na mai shi. A nan ne laƙabi ya zama asusu, shugabanci ya tashi daga rige-rige ya koma rajista. Sai dai rajista tana hannun mai gidan da ya ajiye ta, kuma 2021 ta nuna abin da hakan ke nufi. A watan Mayu na shekarar ma'aikatan sa-kai na Freenode, tsanin da masu rubuta manhajoji kyauta suka daɗe suna taruwa, suka yi murabus saboda rikici da Andrew Lee a kan mallakarsa, suka kafa Libera Chat. Kafin wata ya ƙare sabbin masu iko suka karɓe ɗaruruwan zauruka don kawai sun sanar da ƙaura, a watan Yuni kuma suka fara sabuwar rajista, tsofaffin sunaye suka faɗi. Kalmar sirri mai ƙarfi ba ta tsare kowa ba a ranar.

Matasan Arewa da dama ta 2go suka fara sanin zauren hira. Manhaja ce ta Afirka ta Kudu mai aiki a ƙananan wayoyin Nokia da ire-irensu, wadda wajen 2012 miliyoyin 'yan Nijeriya suke amfani da ita, da ɗakunan hira da taurarin da ake samu gwargwadon daɗewa a kai. Ba ta jima ba WhatsApp ta danne ta. Jan Koum da Brian Acton ne suka kafa WhatsApp a 2009, Facebook ta saye ta a 2014. Dalilan karɓuwarta a ƙauye a fili suke: ba ta neman laƙabi ko adireshin imel, lambar waya ta isa, saƙon murya kuma ya ɗauke wa wanda bai iya boko ba wahalar rubutu. Ƙungiyar manoma, da 'yan kasuwar masara da waken suya, da tsofaffin ɗalibai, da dangi da suka watsu tsakanin Kano da Kaduna da Legas, kowa ya buɗe zaurensa. Hausawa ba su sha wahalar neman suna ba, zaure suka ce, shugabansa kuma admin.

To, a daidai wannan lokaci lambar waya tana ta ƙara nauyi. A 2011 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fara rajistar layuka da hoto da zanen yatsa. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake Ministan Gona, aka fito da shirin raba taki ta waya, inda manomin da aka yi wa rajista yakan samu saƙo ya je ya karɓi buhu 2 a rabin kuɗi. A ƙasar da ta san aikin gona na gwamnati tun Shirin Raya Noma na Funtua na 1975, wannan ne karo na farko da rabon manomi ya rataya ga lambar wayarsa maimakon jerin sunayen da ke hannun dagaci ko malamin gona. A 2015 aka ci MTN tarar dala biliyan 5.2 saboda layuka sama da miliyan 5 da ba a kammala rajistarsu ba, daga baya aka rage zuwa naira biliyan 330. A Disamban 2020, Isa Ali Pantami yana Ministan Sadarwa, aka umarci kowa ya haɗa layinsa da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ɗan guntun katin nan ya zama shi ne hatimin talaka: bankinsa, da zaurensa, da sunansa duk suna rataye da shi.

Satar wannan hatimi ba ta bukatar ilmin kwamfuta. Ɓarawo yakan sa lambar mutum a tasa wayar, kamfani ya aika lambobi 6 na tabbatarwa zuwa layin mai shi. Sai ya bugo masa da ladabi, ya ambaci sunan zauren da yake ciki, ya ce za a yi taro ko rabon tallafi, a karanto masa lambobin da suka shigo don a sa shi a lissafi. Ana karantawa asusu ya koma hannunsa. Daga nan sai saƙo ga surukai da abokan ciniki cewa an shiga matsi, a turo kuɗi kafin yamma. Abin da yake ci da shi mutuncin wanda aka sace ne, irin mutuncin da a da dillali yake tsayawa a kansa, domin mai karɓar saƙo yana ganin hoto da lamba da ya sani.

WhatsApp ta fito da shaida ta biyu ga kowa a Fabrairun 2017, watau wasu lambobi 6 da mai asusu ke zaɓa da kansa, waɗanda ba a aiko wa kowa da su. Wannan komawa ce ga tsohuwar hikimar haɗa hatimi da manzo. Amma a ƙauye sau da yawa yaro ne ko mai shagon caji yake buɗe wa dattijo asusu, ya tsallake wannan mataki, ko ya sa lambobin ya zama shi kaɗai ya san su. Idan kuwa ɓarawo ya riga ya sa nasa, mai layi zai iya korarsa ta hanyar sake rajista, amma ƙa'idar kamfanin ta ce yana iya jiran kwana 7 kafin ya shiga. Mako guda a lokacin kaka, farashin hatsi yana motsi, ba ƙaramin abu ba ne.

Riƙon zaure ma ya bi kusan hanyar da IRC ta bi, ko da yake masu amfani ba su san da haka ba. A 2018 aka ba shugabanni ikon rufe bakin kowa sai su, aka kuma hana mataimaka tuɓe wanda ya kafa zaure. A 2019 aka taƙaita tura saƙo zuwa wurare 5 a lokaci guda don rage gudun jita-jita. A 2022 shugaba ya samu ikon goge maganar wani, adadin 'yan zaure kuma ya kai 1,024. Kariyar da aka yi wa wanda ya kafa zaure tana da kaifi biyu, domin in asusunsa aka sace, sauran shugabanni ba su da yadda za su sauke ɓarawon. Zauren da shugabansa ɗaya ne tak kuwa, in ya fita, na'ura ce take zaɓar magaji daga cikin jama'a, ba tare da duba shekaru ko hankali ba. Ƙungiyar da ba za ta yarda a bar littafin kuɗinta hannun mutum ɗaya ba, sai ga ta ta bar zaurenta haka.

Musawa ta ɗanɗana irin darasin Freenode ta wata fuska a shekarar 2021 ɗin nan. A watan Satumba, bayan Zamfara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Funtua, Malumfashi, Bakori, Ƙanƙara da Ɗanmusa, da nufin raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Katsewar ta shafi maƙwabta, domin da aka fara maido da layi a ƙananan hukumomi 10 a watan Disamba, Musawa da Matazu suna cikin jerin tare da Malumfashi da Funtua. A tsawon waɗannan watanni zaurukan suna nan a na'urorin kamfani, 'yan birni suna ta magana a ciki, mutanen gida kuwa shiru. Wanda wayarsa ta ɓata ko aka shige masa asusu ba shi da hanyar karɓar lambobin tabbatarwa sai ya yi tafiya zuwa inda ake samun layi. Ga kuma agogo biyu suna tafiya a kansa: WhatsApp takan share asusun da ya yi kwana 120 bai leƙa intanet ba, kamfanonin waya kuma sukan sake sayar da layin da ya daɗe a kwance. Wanda ya sayi irin wannan layi a Kano ko Zariya, ya buɗe WhatsApp da shi, lambarsa tana nan ajiye a wayoyin mutanen Musawa da sunan tsohon mai ita.